Daga Turu Zuwa Kotu: Tarihin Kalmomin Taɓin Hankali a Shari'ar Laifuffuka, da Misali Daga Ƙasar Pauwa

Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne bin diddigin kalmomin da shari'ar laifuffuka ta yi ta amfani da su a ƙasar Hausa wajen ambaton mutumin da hankalinsa ya taɓu, tun daga zamanin da alƙalai ke yanke hukunci da littattafan Malikiyya kaɗai, har zuwa sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda aka sanar da sa mata hannu a watan Janairu na 2023. Na zaɓi ƙasar Pauwa, watau yankin Ƙanƙara, tare da Faskari da Sabuwa, a kudu maso yammacin Jihar Katsina, don ta zama wurin da za mu riƙa gwada maganar a kai. Dalilin zaɓen kuwa shi ne nisanta. Tana nesa da birnin Katsina inda kotun Sarki take a da, tana nesa da Kaduna inda aka rubuta dokokin Jihar Arewa, tana kuma nesa da manyan asibitocin masu taɓin hankali na Barnawa da Kware da Dawanau. A wuri irin wannan, abin da ke isa kunnen talaka daga dukkan tarin dokokin nan bai wuce kalma ɗaya ko biyu da suka fito daga bakin alƙali ko tafinta ba.

Abin da nake so in kafa hujja a kansa shi ne, kowace kalma a cikin doka tana janye da abin da za a yi wa wanda aka kira da ita: ko a sake shi, ko a tsare shi, ko danginsa su biya diyya, ko a kashe shi. Saboda haka duk wanda ya sauya kalmar bai dubi abin da take janye da shi ba, riga kurum ya sauya wa dokar. Kuma tun da yake da Hausa ake yi wa mutumin Pauwa shari'a, gyaran da ya tsaya a Ingilishi bai iso gare shi ba tukuna.

Kalmomin gida

Bahaushe bai taɓa rasa kalmomin rarrabe waɗannan larurori ba. "Hauka" ita ce uwa, "mahaukaci" kuwa shi ne wanda abin ya bayyana gare shi ƙarara, yana duka ko jifa ko kwana a juji. Ƙasa da wannan akwai wanda akan ce ya "taɓu" ko ya "motsu", watau yana cikin mutane, yana noma yana cin kasuwa, amma wani zubin maganarsa takan saki hanya. Akwai "zautuwa" wadda takan biyo bayan wata masifa ko firgita. Akwai "gigin tsufa". Akwai "farfaɗiya" mai kayar da mutum, in ta sake shi ya tashi garau. A gefe guda kuma ga "wawa" da "dolo" da "gaɓo", waɗanda ba ciwo ne ya same su da rana tsaka ba, haka aka haife su da ƙarancin fahimta. Sa'an nan a zo ga sanadi, wani ya ce iskoki, wani ya ce sammu, wani ya ce gado. Masanin nan Murray Last, wanda ya zauna a ƙasar Malumfashi, maƙwabciyar Ƙanƙara, wajejen 1970, ya nuna yadda mutanen yankin kan zaga tsakanin boka da malam da 'yan bori da asibiti ba tare da sun matsa wa kansu a kan wane bayani ne na gaskiya ba. Sauƙi suke nema.

Wanda ciwonsa ya kai ga cutar da jama'a kuwa, maganinsa a gargajiyance shi ne turu, watau gungumen itacen da akan huda a zura ƙafar majinyaci a ciki. Ba na faɗin wannan don in yabi zamanin da. Abin lura dai shi ne, duk kalmomin nan siffantawa suke yi, ba su ɗauke da hukunci, kuma rabinsu sun riga sun zama zagi a bakin yara tun kafin a haifi kakanninmu.

Abin da alƙali ya tarar a littafi

Kalmomin hukunci daga Larabci suka zo. Alƙalin ƙasar Katsina, kafin zuwan Turawa a 1903 da bayansa, yana dogara ne da Risala ta Ibn Abi Zaid, da Muhtasar na Halil, da Tuhfa ta Ibn Asim, bayansu kuma ga Muwaɗɗa ta Imamu Malik. Ginshiƙin maganar a waɗannan littattafai shi ne "taklifi", watau hawan nauyin shari'a a kan mutum, wanda ba ya tabbata sai da balaga da hankali. Wanda ya cika sharuɗɗan nan biyu shi ne "mukallafi". Asalin wannan kuwa hadisin nan ne sananne da ya ambaci mutum uku da ba a rubuta musu laifi, mai barci da yaro da wanda hankalinsa ya gushe, kowanne har zuwa lokacin da halinsa zai sauya. Ina roƙon mai sauraro ya riƙe wannan iyakar ta lokaci, domin za mu sake bukatarta.

Malaman fiƙihu ba su tsaya ga "majanuni" kaɗai ba. Sun raba hauka gida biyu: "muɗbiƙi", mai ɗorewa wanda ba ya yankewa, da wanda ba muɗbiƙi ba, mai zuwa ya tafi. Mai irin na biyun, in ya yi kisa a lokacin da yake cikin hayyacinsa, hukuncinsa na mai hankali ne. In kuwa a lokacin tashin ciwon ne, babu ƙisasi a kansa. Sun kuma ware "ma'atuhi", mai raunin fahimta, suka ware "safihi", mai ɓarnar dukiya, wanda matsalarsa ta ciniki ce ba ta jini ba. Mashayi kuwa ba su ba shi wannan mafaka ba: Risala ta bayyana cewa wanda ya bugu ya yi kisa kashe shi ake yi, amma in majanuni ne ya yi kisan, diyya ce ke hawa kan "aƙila" tasa, watau danginsa maza na wajen uba. Gangancinsa a matsayin kuskure yake. A Muwaɗɗa akwai labarin Marwanu ɗan Hakamu, gwamnan Madina, da ya rubuta wa Mu'awiya yana tambaya a kan wani majanuni da ya kashe mutum, amsa ta zo cewa kada a yi masa ƙisasi. Kalmar da Mu'awiya ya yi amfani da ita wajen faɗin abin da za a yi masa tana ɗaukar ma'anar ɗaurewa, tana kuma ɗaukar ma'anar biyan diyya. Daga wannan tushen na Larabci ne "aƙila" ta fito, daga shi ne kuma Hausa ta ari kalmar "hankali" ita kanta.

Abubuwa uku ke nan alƙali yake tambaya. Yaya hankalin mutumin nan yake a sa'ar da ya aikata abin? Wa zai share wa dangin mamaci hawaye? Yaushe kuma wannan hali zai ƙare? A babin hajaru, watau hana mutum juya dukiyarsa, Halil ya iyakance hanin da ake yi wa majanuni da farfaɗowarsa. Da ya farfaɗo ya koma cikin sahun mutane, ba sai wani ya ga dama ba.

Ba shakka tsarin yana da raunin da bai kamata a ɓoye ba. Babu likita a cikinsa, shaidar maƙwabta ce kurum, kuma bai hana turu ba. A zamanin En'e, in kisa ya auku a wani ƙauye na ƙasar Pauwa, dagaci ne zai kai magana gaban hakimi, Sarkin Pauwa a Ƙanƙara, daga nan a tasa ƙeyar wanda ake zargi zuwa Katsina, domin shari'ar rai ba ta ƙananan kotunan gunduma ba ce, ta kotu mai daraja ta ɗaya ce, kuma hukuncin kisa ba ya zartuwa sai Gwamna ya tabbatar. Mutanen da suka san mutumin tun yana yaro, waɗanda suka san ko ciwonsa mai zuwa ne ya tafi, galibi suna can gida, tafiyar kwanaki a ƙafa.

Zuwan Turawa da kalmar "lunatic"

Domin mu gane abin da Turawa suka kawo, tilas mu leƙa Ingila kaɗan. A tsohuwar dokarsu akwai kalmomi biyu. "Idiot" shi ne wanda aka haifa ba shi da fahimta, "lunatic" kuwa shi ne wanda ya taɓa samun hankali ya rasa, kuma yakan farfaɗo lokaci-lokaci. Kalma ta biyun daga sunan wata ta fito a harshen Latin, saboda imanin da suka yi cewa ciwon yana bin wata. Mu ma a nan ba a rasa masu cewa ciwon wane yakan tashi in wata ya tsaya. Watau a farkon al'amari kalmar tana kusa ƙwarai da haukan da ba muɗbiƙi ba na malamanmu. Daga baya ne ta lalace.

Abin da ya lalata ta shi ne tsarewa. A 1800 wani tsohon soja, James Hadfield, ya harbi Sarki Joji na Uku a gidan wasan kwaikwayo a Landan, bai same shi ba. Kotu ta wanke shi saboda hauka, sai majalisa ta yi maza ta kafa doka a wannan shekarar cewa irin waɗannan mutane a tsare su har sai yadda Sarki ya ga dama. A 1843 Daniel M'Naghten ya harbe Edward Drummond, sakataren Firayim Minista Robert Peel. Shi ma aka wanke shi, jama'a suka yi ca, har Majalisar Dattawan Ingila ta nemi manyan joji-joji su fayyace ƙa'ida. Amsarsu ita ce ƙa'idojin da ke ɗauke da sunan M'Naghten har yau: ba a karɓar uzurin hauka sai in ciwon ya hana mutum sanin abin da yake yi, ko sanin cewa abin ba daidai ba ne. A 1883 kuma, bayan wani ya harbi Sarauniya Biktoriya aka wanke shi, aka sauya lafazin hukuncin ya koma "ya aikata, amma mahaukaci ne", don a faranta wa Sarauniya rai. Wannan lafazi ya zauna a Ingila har 1964. Mai sauraro zai lura cewa duk sauye-sauyen nan uku harbin manya ne ya haife su, ba binciken likitoci ba.

Wannan kaya ne aka sauke mana. A 1904 Gwamna Lugga ya kafa dokar laifuffuka ta Kiriminal Kod a Arewa, wadda aka kwaikwayo daga ta Kwinsland a ƙasar Ostareliya ta 1899, aka kuma shimfiɗa ta ga Nijeriya duka a 1916. A wannan shekarar ta 1916 aka kafa Dokar Mahaukata, wadda aka sake shigarwa cikin kundin dokoki na 1958 ba tare da wani sauyi na a-zo-a-gani ba. Dokar ta ce kalmar "lunatic" ta haɗa da "idiot" da duk wani mai taɓin hankali. Da jimla guda ta rushe bambancin da Turawan da kansu suka gada, ta cusa majanuni da ma'atuhi da zautacce cikin buhu ɗaya. Ta ba likita ikon sa a tsare mutum har kwana 7, ta ba majistare ikon tsare shi har wata guda don a lura da shi, daga nan in an yanke cewa shi "lunatic" ne a aika da shi gidan mahaukata. Batun magani bai dame ta ba.

Gidajen kuwa ba su da yawa. An buɗe na Kalaba a farkon ƙarnin, na Yaba a Ikko a 1907, asibitin Aro na Abekuta inda Dokta Lambo ya yi suna bai fara aikinsa ba sai 1954. A Arewa galibi En'e ce ke riƙe da irin waɗannan mutane, a wani sashe na gidan yari ko a wani gida kusa da shi. Daga nan aka sami rabo biyu da ya daɗe a takardun gidajen yari na Nijeriya: mahaukacin da ya yi laifi, da mahaukacin da bai yi laifin kome ba amma an rasa inda za a kai shi. Dukkansu yari ne ke gadinsu.

To, ta yaya wannan ya iso Pauwa? Ta bakin tafinta. Kotunan alƙalai ba su yi aiki da Kiriminal Kod ba, sun ci gaba da Malikiyya har 1960, in ban da hukunce-hukuncen yanke gaɓa da Turawa suka hana. Amma Di'o da Razdan da likitan gwamnati da takardun gidan yari duk da Ingilishi suke tunani, kuma duk kalmar da suka furta a wannan babi, fassararta mafi kusa a bakin tafinta ita ce "mahaukaci". Kalmar titi ta shiga ofis, ta ɗauko nauyin dokar 1800 ta Ingila, watau tsarewa ba ranar fita.

Final Kod na 1960

Da aka doshi mulkin kai, aka ga zaman dokoki biyu na laifuffuka a Jihar Arewa ba zai ɗore ba, musamman bayan shari'ar Tsoho Gubba da En'en Gwandu ta 1947 da ƙorafe-ƙorafen ƙananan ƙabilu gaban kwamitin Willink. A 1958 gwamnatin Sardauna ta kira kwamitin masana shari'a ƙarƙashin Sayyid Muhammad Abu Rannat, Babban Jojin Sudan, tare da Mai Shari'a Muhammad Sharif na Pakistan, da Farfesa Anderson na Landan, da Shettima Kashim, da Peter Achimugu, da Malam Musa Babban Alƙalin Bida. Shawararsu ce ta haifi Final Kod, wanda majalisa ta zartar a 1959, ya fara aiki ran 30 ga Satumba, 1960. An ɗauko shi daga na Sudan, shi kuma na Sudan daga na Indiya na 1860.

Sashe na 51 shi ne namu. Ya ce ba laifi ba ne abin da mutum ya aikata alhali rashin lafiyar hankali ya hana shi sanin haƙiƙanin aikin, ko sanin cewa aikin ba daidai ba ne ko ya saɓa wa doka. Ta fuskar lafazi an ci gaba, domin sashen ya dubi halin mutum a sa'ar aikin, kamar yadda alƙali ya saba, bai laƙaba masa suna ba. Ta fuskar ma'ana kuwa an ɗan koma baya. Sashe na 28 na Kiriminal Kod ya ambaci abu na uku, watau wanda ya san abin da yake yi amma ciwo ya hana shi iya kame kansa, ya kuma ambaci raunin hankali na halitta. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta bayyana a shari'ar Omoni ta 1949 cewa wannan ya fi ƙa'idojin M'Naghten faɗi. Final Kod ya bar wannan a baya. Sakamakon haka, mutum biyu masu ciwo iri ɗaya, ɗaya a Faskari ɗaya a Ibadan, na Ibadan yana da ƙofar da na Faskari ba shi da ita.

Bugu da ƙari, tsofaffin kalmomin ba su fita duka ba. A sashen da ya yi magana a kan zuga wani ya kashe kansa, "idiot" tana nan zaune kamar yadda aka kwafo ta daga Indiya. Sashe na 231 ya mai da yunƙurin kashe kai laifi mai ɗaurin da zai iya kai shekara guda. Abin da ya fi muhimmanci ga ɗan ƙauye kuma, ƙa'idar aƙila ta ɓace. Dangin mamaci su koma gida hannu rabbana, wanda ya yi kisan kuma a tsare shi har sai hukuma ta ga dama. Ba mamaki in mutane suka riƙa ganin uzurin hauka a matsayin dabarar lauya. Alƙalan da aka ɗora wa wannan kundi, waɗanda kotunansu suka koma hannun gwamnatin jiha a 1968, almajiran Muhtasar ne, suna karanta sashe na 51 suna fassara shi a zuci da "majanuni", suna furta shi a zaure da "mahaukaci".

Gyare-gyaren baya-bayan nan

Ingila ta fara kakkaɓe kalmar "lunatic" daga dokar kula da majinyata tun 1930, watau shekara 28 kafin mu mu sake buga ta a kundinmu na 1958. Amurka ta cire ta daga dokokin tarayya a 2012, amma wannan shara ce kawai, ba ta sauya makomar kowa ba. Misalai biyu ne suka fi amfani gare mu.

Na farko Kanada. A 1991 Kotun Ƙolinsu ta yanke a shari'ar Swain cewa tsare wanda aka wanke saboda hauka kai tsaye, ba bincike ba iyaka, ya saɓa wa tsarin mulki. A 1992 aka sauya lafazin hukuncin ya koma cewa mutumin ba ya ɗauke da alhakin laifi saboda larurar hankali, aka kuma kafa kwamitoci masu sake duba halinsa a kai a kai, su sake shi ko su ci gaba da riƙe shi. Kalma da abin da take janye da shi suka sauya tare.

Na biyu Indiya, uwar Final Kod ɗinmu. A watan Agusta na 2023 gwamnatinsu ta gabatar da sabon kundin da zai maye gurbin na 1860, a ciki aka cire tsohon lafazin rashin lafiyar hankali aka sa lafazin likitoci mai nufin ciwon ƙwaƙwalwa kowane iri. Kwamitin majalisa ya ce a'a, wannan ya yi faɗi da yawa, har mai shaye-shaye da ganganci zai iya fakewa a ciki. Aka mayar da tsohon lafazin, kundin ya fara aiki ran 1 ga Yuli, 2024. A ganina kwamitin ya yi daidai. Tambayar likita ita ce wane ciwo ne, tambayar alƙali kuwa ita ce ko ciwon ya ɗauke taklifi a sa'ar aikin.

A gida, Zamfara ta kafa kundin laifuffuka na Shari'a a 2000, Katsina ta bi a 2001, kalmomin taklifi da mukallafi da diyya suka dawo cikin rubutacciyar doka. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuffuka ta tarayya ta 2015 ta ware babi guda a kan wanda ake tuhuma da ake zaton hankalinsa ba daidai yake ba. A 2019 aka sauya sunan hukumar gidajen yari ta koma ta gyaran hali, a shekarar kuma 'yan sanda suka fasa wasu gidajen mari a Kaduna da Daura da Katsina, aka fito da mutane da sarƙa a ƙafa. Turu bai mutu ba ke nan, ƙarfe ya koma. Ƙudurin maye gurbin Dokar Mahaukata ya fara shiga Majalisar Dattawa tun 2003, bai zama doka ba sai da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu, shekara 20 bayan haka. Sabuwar dokar tana kiran majinyaci mutum mai larurar lafiyar ƙwaƙwalwa, ta kuma zayyana haƙƙoƙinsa. Sai dai ba ta taɓa sassan kundayen laifuffuka ba, domin waɗannan a hannun jihohi suke.

Inda aikin ya rage

Mu koma Pauwa. Shekarun nan yankin ya ga abin da bai taɓa gani ba: harin 'yan bindiga a ƙauyukan Faskari da Sabuwa, da sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disamba na 2020. Wanda ya kwana watanni a daji a hannun masu garkuwa, ko matar da aka kashe mijinta a gabanta, in wata rana suka aikata abin da ya kai su kotu, da wace kalma za a kira su? Ga kuma samarin da ƙwayoyi suka birkita, waɗanda a bakin jama'a su ma "mahaukata" ne, alhali Risala da sashe na 52 na Final Kod duk sun ƙi ba wanda ya bugar da kansa da gangan uzuri. Kalma ɗaya ba za ta ɗauki waɗannan duka ba.

Masu aikin jarida sun riga sun koma ga "mai taɓin hankali" da "mai larurar ƙwaƙwalwa". Dukkansu sun fi ladabi, amma ba wadda za ta yi aikin kotu. "Taɓin hankali" ba ta faɗi iyakar taɓuwar ba, kuma 'yar'uwarta "taɓaɓɓe" ta riga ta zama zagi. "Larurar ƙwaƙwalwa" kuwa za ta kwashi mai shanyewar ɓarin jiki da mai farfaɗiya da wanda sanƙarau ya taɓa, watau ramin da Indiya ta kusa faɗawa.

Shawarata ita ce a raba aikin gida huɗu, kowanne da lafazinsa. Uzurin da ke ɗauke hukunci a kira shi "gushewar hankali a sa'ar aikata laifi", hukuncin kuma ya zama "ba a ɗora masa alhakin laifin ba saboda gushewar hankali". Wanda ciwo ya hana shi fahimtar tuhuma ko kare kansa a ranar zaman kotu, wannan wata mas'ala ce dabam, a ce "ba ya iya bin shari'arsa a halin yanzu". Ma'atuhi a kira shi "mai raunin fahimta". Sa'an nan takardar da likita zai cike, da wadda za a karɓi bayanin dagaci da dangi a kanta, su tambaya a fili ko larurar mai ɗorewa ce ko mai zuwa ta tafi, tun da wannan rabon malamanmu sun san shi, likitoci ma sun san shi. Wannan aiki ba na lauyoyi kaɗai ba ne. Hukumar Harshen Hausa ta yi irinsa a shekarun 1950, Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Kano wadda ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006 tana da ƙwarewarsa, kuma a zauren nan akwai alƙalai da likitoci da malaman harshe da za su iya zama a tabarma ɗaya.

Akwai kalma ta biyar wadda na fi damuwa da ita, ita ce "farfaɗowa". Dokar da muka gada daga 1800 ta bar ranar fita ga ganin damar mai mulki, alhali Halil ya ɗaure ta da warkewar majinyaci. Ina ba da shawara Majalisar Dokokin Jihar Katsina ta rubuta a fili cewa duk wanda aka tsare ta wannan hanya, a asibiti za a tsare shi, a kuma kawo rahoton likita gaban kotun da ta tsare shi duk bayan wata 6, a sanar da danginsa da dangin wanda aka cuta ranar zaman, a yi zaman a Funtuwa ko Malumfashi inda mutumin Sabuwa ko Ƙanƙara zai iya zuwa ya koma gida a yini guda.